Waɗanda suka taɓa zama a ƙauyukan Mambila, ku ba mu labari

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ƙanena aka tura aikin malamin asibiti wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, can bisa tsaunin Mambila. An ce ma sai an wuce Gembu an ƙetare kogi. Hankalin Inna ya tashi. Don Allah wanda ya taɓa zama can da kansa ya gaya mana yadda zaman yake, da abin da ya kamata yaron ya tafi da shi.

Direban Bali:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi shekaru ina jigila a wannan hanya. Daga Jalingo za a bi ta Bali, a wuce Serti, a Mayo Selbe ake fara hawan dutsen. Hanya ce mai kwana-kwana, gefe ɗaya dutse, ɗaya gefen rami, in hazo ya sauko ko motar gabanka ba ka gani. In an hau, sai Maisamari, Nguroje, sannan Gembu. Duk wannan da sauƙi, akwai kwalta ko da ta farfashe. Wahalar tana bayan Gembu. Jar ƙasa ce, da damina ta zama taɓo mai santsi, babu mai iya ta sai babur da tsofaffin Land Rover ɗin nan da ake ta faci. Mun sha kwana a hanya saboda mota ta kafe. Ki ce ya taso daga Jalingo da asuba, kada dare ya same shi a kan dutse.

Malama Uwani:
Ni koyarwa na yi a firamare a wani ƙauye a tsallaken kogin Donga. 'Yar'uwa, ki fara saya masa bargo mai kauri, rigar sanyi, rigar ruwa da takalmin roba mai tsawo. Ruwa yakan fara tun wajen Maris, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba, kuma wani lokaci a wuni ana yayyafi. Wanki ya yi kwanaki a igiya bai bushe ba, har ya fara warin rima. Da na je da shaddoji da atamfofina, ƙarewa na yi da suwaita a kan komai.

Abinci kam ba zai ji yunwa ba. Tuwon masara da miyar ganye, gwaza, dankalin turawa, ayaba, fiya, ga nono da man shanu daga wurin Fulani. Iyayen yara kan kawo mini gwaza har in rasa inda zan zuba. Abin da yake tsada shi ne duk abin da sai an hawo da shi daga ƙasa: shinkafa, sukari, sabulu, fetur, siminti. Kuma ya koyi ɗan Fulatanci, domin shi ne yaren kasuwa a can. Ana jin Hausa a manyan garuruwa, amma tsohuwa 'yar Mambila ko Kaka a ƙauye za ta fi gane shi in ya ce mata jam na.

Anti Ungozoma:
Tunda aikin lafiya zai yi, bari in faɗi nawa ba ɓoye-ɓoye. Na zauna a ƙaramin asibitin wani ƙauye, ɗakuna biyu da baranda. Ba mu da wuta sai faranti ɗaya na hasken rana da ke riƙe firijin allurar rigakafi, shi ma in gajimare ya daɗe sai mu shiga zullumi. Haihuwar dare da tocilan muke karɓa, wata ta haska, ni in yi aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne macen da naƙuda ta zo mata da gardama, ko jini ya ɓalle. Ka san aikin ya fi ƙarfinka, ka san inda za a iya yi mata tiyata, amma tsakaninku akwai tudu da kwari da kogi. Maza huɗu su ɗauke ta a gadon itace, ana canjin hannu, har bakin ruwa. In kogin ya cika kuma dare ne, mai kwale-kwale ba zai yarda ya tura ba, kuma ba za ka ga laifinsa ba, shi ma rai gare shi. Akwai wadda muka zauna da ita a bakin ruwa har gari ya waye. Allah Ya yi da sauran kwananta, amma jaririn bai zo da rai ba. Daga nan na ɗauki al'ada: duk mai cikin da na ga alamar matsala a awo, tun wata na takwas nake roƙon mijin ya kai ta wurin dangi a Gembu ta jira. Wasu su yarda, wasu su ce wa zai yi musu aikin gona.

Sauro bai kai na ƙasa yawa ba, amma kada ya bar gidan sauronsa. Abin da zai fi gani wajen yara shi ne tari da ciwon haƙarƙari saboda sanyi da hayaƙi, sai ƙuna, don ana kwana da wuta a tsakiyar ɗaki. Ya tafi da safar hannu da yawa da tocilan mai caji guda biyu.

Ɗan Nguroje:
Haba jama'a, kun sa Hajiya za ta zaci lahira aka tura ƙanenta. Ni a can aka haife ni, kakana fatauci ya kai shi tun kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta shigo da yankin cikin Najeriya. Ƙasa ce mai albarka. Shayin Highland da kuke sha a Kakara ake nomansa. Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana wajenmu. Shanunmu kuwa ku je ku gani, ciyawa kore shar, ba ƙudan tsando kamar na ƙasa. Abin da Anti ta faɗa gaskiya ne, ban musa ba, ƙanwar mahaifiyata ma a hanya ta rasu. Amma rashin hanya da gada ne ya jawo. Tun ina yaro ake maganar madatsar ruwan Mambila mai samar da wutar lantarki, ga shi na yi furfura, yawancin ƙauyukanmu fitilar batir suke kunnawa.

Mai Dankali:
Malam ya yi gaskiya. Na taɓa sayen dankali da fiya a wata kasuwar ƙauye da araha har ina murna, sai aka kwana uku ana ruwa, mota ba ta shigo ba. Rabin fiyar a nan ta ruɓe. Manomi ya sha wahala, kuɗin mota ya cinye ribar.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Anti, na karanta wa Inna naki, ta yi shiru, sai ta ce a ƙara masa tocilan. To batun tsaro fa? Mun ji an taɓa rikici. Kuma waya tana shiga?

Ɗan Nguroje:
An yi, Hajiya, a watan Yunin 2017, tsakanin manoma da makiyaya, an rasa rayuka da dabbobi masu yawa. Tushensa filin noma da na kiwo ne, kuma har yau magana ce mai zafi. Baƙo ma'aikaci ba ruwansa. Ya gaida mai gari ranar da ya sauka, ya duba kowa ba bambanci, kada ya sa baki a zancen fili ko a teburin mai shayi.

Malama Uwani:
Waya kuma sai dace. A ƙauyenmu akwai wani tudu da kowa ya sani, can ake hawa da yamma a yi kira. Kusa da iyaka ma layin Kamaru ne ke kamawa. Ku sa rana ɗaya a mako da zai riƙa kira, in an yi ruwa bai kira ba kada Inna ta tsorata. Kuma ya ciri kuɗi a hannu tun daga Gembu.