Ni na yi korona na warke, wa zai biya ni jarina?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina, wanda zai ji haushi ya ji. Tun safe rediyo ke ta fama wai allurar rigakafin korona ta iso Najeriya, wai har shugaban ƙasa an yi masa a gaban kyamara, kowa ya shirya damtsensa. To ni tambayata ɗaya ce, wa zai biya mu asarar kullen bara? Ranar 16 ga Afrilun 2020 aka rufe Kano aka ce kwana bakwai ne, ga azumi ya kawo jiki, ni kuma na riga na zuba duk abin da na mallaka har da kuɗin mutane a kayan sallah, shadda da atamfa da leshi shago maƙil, kwana bakwai ya koma sati biyu, sati biyu ya koma sai abin da hali ya yi, har sallah ta zo ta wuce kaya na jibge masu bashi na ta kira ga iyali a gida. Litinin da Alhamis ɗin da aka ce a fita ai na neman abinci ne, wa zai sayi shadda cikinsa na kuka? Ni da nake da yara biyu a shago yau ni ne yaron wani. Tallafin da aka yi ta shela ko ƙwayar shinkafa ba ta shigo layinmu ba, sai a watan Oktoba muka ga bidiyon jama'a suna fasa rumbunan ajiya a Jos da Legas suna fitowa da buhuna a ka. Kuma cutar da aka kulle mu dominta ni na yi ta, zazzaɓi da tari, kwana goma hancina bai san ƙamshin miya ba, na sha tazargade da citta da lemon tsami na yi sirace na warke sumul. Kullen nan ya fi cutar yi wa talaka illa, maganata ke nan.

Mai Shayin Layi: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Mu da muke nema yau mu ci yau mu muka san abin da muka gani.

Nas Ɗin Zaure: Yaya Allah ya musanya maka da mafi alheri, wallahi na tausaya. Amma ka ce ka warke, an yi maka gwaji ne? An saka maka tsinken nan a hanci aka ce kana ɗauke da ita, aka sake aka ce babu? In ba a yi ba ai ba ka san daga me ka warke ba.

Ɗan Kwari: Ƙanwata wane gwaji? Mutum ya kai kansa a ɗauke shi a motar asibiti unguwa na kallo a kai shi Kwanar Dawaki a killace? Jikina ne, na kwanta na tashi, ai shi ne warkewa.

Nas Ɗin Zaure: Ɗaukewar jin ƙamshi kam alama ce babba ta korona, ban musa ba. Inda nake so ka gane shi ne kusan mutum 80 cikin 100 da suka kamu ciwon ba ya tsananta musu, jikinsu da kansa yake gamawa da ita cikin sati biyu ko da ruwan randa kawai suka sha. To tazargade ta zo ta tarar da aiki ya kusa ƙarewa ta karɓi yabo. Shi kansa ruwan maganin Madagaska da shugabansu Rajoelina ya yi ta kurɓa a talabijin ai dangin tazargade ne a ciki, an kawo shi Abuja a watan Mayu, masu binciken magunguna na gwamnati suka duba ba su ga hujjar yana maganin korona ba, ita Madagaskar ma cutar ta ci gaba da yaɗuwa har suka sake kulle babban birninsu.

Malamin Firamare: Ku tsaya, ni ina ganin matsalar ta Hausa ce. Bahaushe ya raba abin gida uku, akwai ya samu sauƙi, akwai ya warware, akwai ya warke. Wanda zazzaɓi ya sake shi ya samu sauƙi ne, wanda ya miƙe ya koma kasuwa ya warware, warkewa kuwa sai ciwo ya rabu da kai ɗungurungum. Alhaji warwarewa ya yi, da ya rubuta haka da babu gardama.

Mai Shayin Layi: Malam wannan kuma Hausar allo da alli ce. A titi duk ɗaya ne.

Malamin Firamare: Ba ɗaya ba ne. Ka taɓa jin an ce gyambo ya warware? Warkewa yake yi.

Ɗan Agaji: Ni abin da ya dame ni ba a taɓo shi ba. "Na sha tazargade na warke." Ina Allah a cikin zancen? Allah ne mai warkarwa, ganye sababi ne kawai, a riƙa gyara lafazi. Kuma masu zagin kulle ku sani hadisi ingantacce ya zo cewa in kun ji annoba a wani gari kada ku shiga, in ta faɗo kuna ciki kada ku fita, Sayyidina Umar ma ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Tun kafin Turawa su san killacewa muna da ita.

Ɗan Kwari: Haba ustaz, yanzu kuma imanina za a duba? Wa ya ce maka ban yi addu'a ba? Hadisin ya ce kada a fita daga gari, bai ce a hana mutum fita daga ɗakinsa neman abin da zai ba 'ya'yansa ba.

Baba Na Ƙofar Mata: Kai yaro Ɗan Agaji, ku da kuka fi kowa cika baki da hadisi ba ku ne kuka yi ta ƙorafi da aka rufe masallatan Juma'a ba? Yau kuma kulle ya zama sunna?

Ɗan Agaji: Baba da girmanka kada ka jawo maganar ɓangaranci, kowane ɓangare akwai waɗanda suka bi da waɗanda suka ƙi. Harami ma an rufe shi, Hajjin bara babu wanda ya je daga waje, mu su wa?

Maman 'Yan Biyu: Ina ta karantawa ina danne zuciyata amma na kasa. Alhaji kai ka warke ko ka warware ko ma me Malam zai kira shi, mahaifina bai tashi ba. Farkon azumin bara ne, yana da ciwon suga shekara da shekaru yana shan maganinsa lafiya lau, zazzaɓi ya kama shi kwana huɗu sai numfashi ya fara sarƙewa, muka ɗauke shi cikin dare a motar maƙwabci ana tare mu a shingaye, asibiti uku muka je, biyu a rufe, na ukun daga bakin ƙofa aka ce ba sa karɓar mai tari, a hanyar dawowa ya cika kansa a cinyar yayana. Shi ma an ba shi tazargaden, an yi masa siracen. A maƙabarta yayana ya ce layi suka tarar. To ni har yau ban san wa zan ce ya kashe shi ba, cutar ko kullen, amma duk wanda ya ce mura ce kawai wallahi ji nake kamar ya watsa min ruwan zafi. Kuma maigidana da ya kwanta bayansa, wata goma sha ɗaya ke nan, in ya hau bene sai ya tsaya ya huta a tsakiya, mutumin da yake buga ƙwallo duk Lahadi. Shi ya warke ne ko bai warke ba?

Mai Shayin Layi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta.

Ɗan Kwari: Hajiya Allah ya gafarta masa, ki yafe ni in maganata ta fama miki ciwo. Ni ban ce mura ce ba. Amma ki duba, asibitin da aka rufe ai shi ma kullen ne.

Nas Ɗin Zaure: Anti Allah ya jiƙansa. Abin da ke damun maigida sananne ne, wasu gajiya da haki kan bi su watanni bayan ƙwayar cutar ta bar jiki, ya je a duba masa ƙirji da zuciya kada a zauna. Yaya kuma asibitoci da yawa tsoro ne ya rufe su, babu kayan kariya, likitoci da nas-nas suna kamuwa, har ɗakin gwajin Kano sai da aka rufe na wasu kwanaki a watan Afrilun. Kuma ministan lafiya Ehanire da bakinsa ya faɗa a watan Yuni cewa mutum 979 aka lissafa sun rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni a wancan tsakanin, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce sila. Yawancinsu dattawa ne masu suga da hawan jini, irin su mahaifin Anti.

Jar Hula: Yawwa, yanzu aka zo wajen. Lokacin da masu haƙar kabari ke cewa gawa ta yi yawa me gwamnatin jiha ta ce? Cewa ta yi hawan jini ne da suga da sanƙarau da maleriya. Ana cikin haka kuma aka nemi biliyan 15 daga tarayya. Madugu Kwankwaso kuwa asibiti sukutum ya bayar a killace mutane.

Ɗan Baba Ganduje: Daman na san sai ka fito. Wace jiha ce ba ta nemi kuɗi ba? Legas ba a ba ta biliyan 10 ba? Kuma kullen da ya fi tsawo ai Buhari ne ya sanar da shi ranar 27 ga Afrilu, ku je ku tambaye shi mana.

Jar Hula: Ba kwa rabuwa da shi a fosta, yau kuma ka tura mu wajensa?

Bamaraɗe: Ku 'yan Nijeriya komai sai kun mai da shi siyasa. Mu nan ma an rufe masallatai an sa dokar hana fitar dare a Yamai har matasa suka yi ta ƙone-ƙonen taya gab da azumi. Amma ku tuna iyakarku a rufe take tun Agustan 2019, kafin kowa ya ji sunan korona, sai Disamban da ya wuce aka buɗe su Maigatari da Illela. 'Yan kasuwarmu sun sha kulle biyu, wa ya tausaya mana?

Ɗan Baba Ganduje: Wannan don shinkafar waje aka yi, kada ka haɗa.

Bamaraɗe: Cikin mai iyali bai san don me aka yi ba.

Baba Na Ƙofar Mata: Ni dai allura ba da ni ba. Mu da muka ga abin da Pfizer ta yi da yaran Kano lokacin sanƙarau a 1996, yara 11 suka mutu wasu suka nakasa, ba labari aka ba mu ba. Jikinmu ya saba da zazzaɓi, muna da garkuwa, kuma ni kulorokwin ɗina yana aljihu.

Nas Ɗin Zaure: Baba don Allah ka ajiye kulorokwin ɗin nan, tun da Trump ya yabe shi a watan Maris na bara aka fara kai mutane asibiti a Legas sun sha ya wuce kima, kuma babban gwajin da aka yi a Ingila ya nuna danginsa ba ya rage mutuwa. Wanda aka ga yana ceton rai shi ne dexamethasone, shi ma ga wanda aka sa wa iskar oksijin kawai, mai ƙaramin ciwo in ya sha zai iya ja wa kansa. Abin 1996 gaskiya ne kuma zalunci ne, amma wancan gwaji aka yi a kan yara marasa lafiya, wannan ta AstraZeneca ce, miliyoyin mutane sun riga sun karɓa a Ingila kafin ta zo mana. Kuma ka tuna da muka ƙaurace wa ta shan inna a 2003 'ya'yan wa suka gurgunce? Sai bara a watan Agusta aka ce Afirka ta rabu da ita, da allurar aka rabu.

Baba Na Ƙofar Mata: 'Yata ke aikinki ne, dole ki kare.

Malamin Firamare: To kun gani, ita ma shan inna an ce an rabu da ita, ba a ce an warke ba. Kalma tana da muhimmanci.

Mai Shayin Layi: Malam don girman Allah ka bar mu da kalmar nan.

Shugaban Zaure: Jama'a dare ya yi, bari in tattara kafin in rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda kullen nan an yi shi ba tsari kuma talaka ne ya ɗauki nauyinsa, ni ma shagona na Wambai shaida ne. An kuma yarda maganin gargajiya ya taimaki mutane da dama, ga Alhaji nan ya warke a gabanmu. Ƙanwarmu nas ta kawo bayanan asibiti mun gode, amma dai maganar allura kowa ya bi a hankali kamar yadda Baba ya ce. Masu siyasa kuma ku nemi wani wajen. Hajiya muna ƙara yi miki ta'aziyya.

Nas Ɗin Zaure: Ranka ya daɗe ba haka aka yi ba, wa ya yarda maganin gargajiya ya yi aiki? Anti ta ce an ba mahaifinta tazargaden bai tashi ba, ka tsallake wannan.

Malamin Firamare: Kuma warwarewa ya yi.

Ɗan Kwari: Sama da awa uku kuna abu ɗaya, har yanzu ba wanda ya ce min wa zai biya ni jarina. Gobe ƙarfe bakwai zan buɗe shagon wani.