Ha'inci ko wayo: rigimar Roger Ackroyd

Ɗanliti: Ni fa har gobe ban yarda ba. A littafin Agatha Christie, The Murder of Roger Ackroyd na 1926, wai mai ba da labarin, Likita Sheppard, shi ne ya yi kisan! Ha'inci Agatha Christie ta yi, amma a 2013 marubutan labaran laifi na Birtaniya suka ba littafin lamba ɗaya. Son kai zalla.

Malam Sani: Ɗanliti, janye kalmar ha'inci. Likita ya ce 8:40 aka kawo wa Ackroyd, wanda aka kashe, wasiƙa, 8:50 ya fito daga ɗakinsa. Abin da ya yi a minti goman nan ne kawai ya haɗiye. Daga gidan zuwa ƙofar waje tafiyar minti 5 ce, shi ya ci 10. Kai ne ba ka ƙirga ba.

Hajiya Uwani: Malam, mai tauye mudu ma ai ba ya ƙarya da baki. Me ake kiransa?

Malam Sani: Hajiya, nan ba a tauye komai ba. Kujerar da aka janyo daga bango, muryar mamaci da aka ji 9:30 alhali na'ura ce ke magana, wayar da aka bugo daga tashar jirgi, duk suna ciki.

Baban Nana: Yaudara ce. Ha'inci sai an ba ka amana.

Hajiya Uwani: To mai karatu ba amana ya ba mai labari ba? Dokokin rubuta labarin laifi na Ronald Knox sun hana mai laifi ya zama wanda ake bin tunaninsa.

Baban Nana: Na 1929? A hukunta ta da dokar da ta zo bayan shekara 3?

Ɗanliti: Edmund Wilson, mai sharhin adabi, ma ya caccake shi a 1945.

Malam Sani: Sunan littafin kawai ya ara ya yi wa maƙalarsa kanu. Marubuciya Dorothy Sayers ya fi ragargaza, ita da ta kare Christie.

Larai: Haba Yaya Ɗanliti, ina babi na 6 ka tona min ƙarshe!

Ɗanliti: Littafin da ya girmi kakarki?

Larai: Bar kakata a ciki.

Baban Nana: Kwantar da hankalinki, marubuci Pierre Bayard na Faransa ya ce a 1998 Caroline, 'yar'uwar likitan, ce ta yi kisan.

Hajiya Uwani: Dama komai sai an ɗora wa mace.

Malam Sani: To jama'a, a taƙaice an amince babu ha'inci, gwaninta ce. Hajiya ma ta sauko. Ɗanliti zai koma ya ƙirga mintuna.

Hajiya Uwani: Yaushe na sauko?