Wace kalma ce ta dace da fasahar da ba ta fito ba tukuna?

Assalamu alaikum malamai. Mu masu fassara ne a Gombe, kalma ɗaya ta tsayar mana da aiki: yadda za a kira zubin fasaha mai zuwa, kamar 6G da ake sa ran zai gaji 5G.

Harafin G ɗin yana nufin tsara ne, amma in muka ce "tsara mai zuwa" sai mai sauraro ya ɗauka yara ake nufi. "Ƙarni" ya fi muni, domin shekara 100 ce ke faɗo wa mutum a rai, alhali tsakanin 4G da 5G kusan shekara 10 ne kawai. "Sabon yayi" kuwa na abin da ya riga ya shiga kasuwa ne.

Ga kuma beta, wato manhajar da aka saki don gwaji, da sauran kurakurai a jikinta. Gmail ya zauna a haka daga 2004 har 2009, jama'a na ta amfani da shi, don haka "mai zuwa" ba ta kama shi ba.

Mun karkata ga "zubi na gaba" da "zubin gwaji". Shin "zubi" zai ɗauki waya, manhaja da layin sadarwa duka, ko "samfuri" ya fi? Allah ya ƙara basira.