"Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni", har a yaki ma haka ne?

Dan Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ku raba mana gardama. Jiya da dare a teburin mai shayi nan Bauchi Road ana hirar Rasha da Yukren, sai wani dattijo yace shi bai ga jarumtar Zelenski ba, mutum kullum yana yawo kasa kasa da kokon bara, guntun gatarinka ya fi sari ka bani. Wani yaro yace masa Baba in giwa ta fado gonarka guntun gatarin me zai maka. Wlh sai da mai shayi ya bar kwai a wuta ya shiga tsakani don baban ya dauka raini ne. To ni tambayata, maganar nan tana aiki a yaki ko dai ta itace ce da makwabta kawai?

Baban Ummi:
Wslm. Dattijon yana da gaskiya mana. Ku tuna 1994 Yukren ta amince ta mika makaman nukiliyar da ta gada daga Sobiyat, Amurka da Ingila da Rasha suka sa hannu a Budafes cewa za a mutunta iyakarta. Ta bada gatarinta ta karbi takarda. 2014 aka dauke Kirimiya, 2022 aka shigo gaba daya. Takardar ta sari wa?

Injiniya Rikkos:
Baban Ummi a hankali. Makaman suna kasarsu amma makullin harbawa yana Mosko, kaga kenan gatarin wani ne aka ajiye a dakinka. Ba nasu bane ballantana ace guntu ko dogo.

Malamin Layi:
Ni inda nake ganin ana kuskure, karin maganar ba ta hana aro ba. Abin da ta ƙi shi ne jira. Kana tsaye hannu a ƙugu, mai gatari yana sara, sai ya gama nasa, ya huta, ya sha ruwa, sannan in ya ga dama ya miƙo maka. Wannan jiran shi ne wulaƙancin. Kuma an gan shi ƙiri-ƙiri, majalisar Amurka ta yi watanni tana ja-in-ja a kan tallafin dala biliyan 61 ga Yukren, ba a sake su ba sai Afrilun 2024, kafin nan garin Abdibka na Yukren ya riga ya faɗi hannun Rasha a Fabrairu saboda harsashin igwa ya yi musu ƙaranci.

Dan Gangare:
Malam ni kuma tun ina yaro na dauka itacen kake jira a sara a baka ba gatarin ba

Malamin Layi:
Ko wanne ne dai kana tsaye kana kallon hannun wani.

Sojan Da:
Ku yara kuna magana ne kawai. Ni nayi Laberiya da ECOMOG, na kuma gama aiki a barikin Rukuba nan. Gatari ba shine magana ba, hannun da ya rike shi ne. Amurka ta zuba sama da dala biliyan 80 a sojan Afganistan, jirage, motoci masu sulke, komai sabo. Ranar 15 ga Agusta 2021 Taliban na kofar Kabul shugaban kasa Ashraf Ghani ya hau jirgi ya tafi, shikenan kowa ya tube kaki. Wata shida bayan nan Rasha ta jero motocin yaki tsawon kilomita sittin da wani abu ta nufi Kiyef, shi Zelenski wancan dan wasan barkwancin da kuke rainawa ya fito titi da dare ya dauki bidiyo da waya yace muna nan. Soja in yaji oga na nan zai tsaya ko da harsashi goma ne a jikinsa. In yaji oga ya gudu, ko tanka ka bashi zai nemi kayan gida ya saka. Faduwar gaba asarar namiji.

Maman Twins:
Baba soja ai mu namu ogogin basa jira a kawo hari, ciwon kai kadan sun hau jirgi hhhh

Dan Terminus:
Ana kamfen "ni zan jagoranci yakin da kaina daga gaba", ana rantsar da shi sai ka gane gaban layin hawa jirgi yake nufi

Hajiyar Bukuru:
Ku tsaya in baku labarin kakata Allah ya jikanta, don ita gatarin gaske gareta ba na baki ba. An kawo ta barikin kuza ta wajen Bukuru tana amarya lokacin yakin Hitila, daga kasar Katsina. A 1942 Japan ta kwace Malaya inda Turawa ke samun kuza, sai suka juyo kan Jos da karfi, aka fara diban gwamna, kowane hakimi a bashi adadin mazan da zai kawo ko suna so ko basa so. Tace zaka ga an sauke mutane daga Sakkwato da riga daya tal a jikinsu, basu taba sanin akwai sanyi irin na nan a duniya ba, da rana suna cikin ruwa da kwanon sarki a ka, da dare su lullube da buhu suna tari har asuba, da yawa basu koma gida ba. Kuma kun san nan ba daji bane, itace yafi nama wuya a lokacin.

To a layinsu gatari biyu ne. Akwai na heduma shugaban leburori, babba na kamfani mai doguwar kota, sai nata wanda kotar ta karye sau biyu mijinta yana yankewa yana sake sakawa har ya dawo bai fi daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba, mata suna mata dariya wai Inna ta zo da muciya.

Dan Terminus:
Hajiya muna jinki, kar network ya dauke a nan

Hajiyar Bukuru:
Na heduma in kana so sai ka je ka tsuguna a kofarsa ya gama nasa, kuma duk abinda ka saro rabi nasa ne, ranar da yayi fada da matarsa kuwa ko gaisuwa bazai amsa ba balle gatari, ranar duk layin a sanyi za a kwana. Ita kuwa Inna sai ta sauka cikin kwari inda aka sare bishiyoyi aka bar kututture, ta tona gindin da hannu ta rika datse saiwa, wajen da dogon gatari baya iya juyawa saboda matsi. Saiwar nan in ta bushe tafi reshe rike wuta. Da ita take dama kunu da asuba, leburori suna zagaye murhun suna dumama hannu suna saye, wanda bashi da ko anini ta bashi tace in an biya ka kawo. Tace akwai wani yaro Basakkwace da yake zuwa kullum baya sayen komai hannu kawai yake mikawa wuta, rannan bai zo ba ta tambaya akace an kai shi.

Abinda yasa na kawo labarin, kanin mijinta an dauke shi soja aka kai shi kasar Bama (Burma), ya dawo bayan yaki da takalmi da bargo da lambar karfe, kunne daya baya ji. Har ta tsufa in taji ana yabon karfin Ingila a rediyo sai tace wane karfi, ai Bature ma sari ka bani yayi, da kuzarmu da 'ya'yanmu ya sari Hitila, kuma bai dawo da gatarin yadda ya karba ba.

Baban Ummi:
Allahu akbar. Allah ya jikan Inna. Kaga kenan har manya suna aro

Injiniya Rikkos:
Har yau ma. Rasha da ake cewa ta biyu a duniya ba daga Iran ta karbo jiragen Shahed marasa matuki ba? Koriya ta Arewa ta bata harsashi, har sojoji ta tura mata yankin Kursk na Rasha a 2024. Amma ita ba wanda yace mata mai kokon bara. In babba ya ara sai ace kawance, in karami ya ara sai ace roko.

Maman Twins:
Hajiya ina gatarin yake yanzu? ya kamata a kai shi gidan tarihi na Jos

Hajiyar Bukuru:
Hmm. Wata makwabciya ta ara da babbar sallah zata fasa kashin kai, har Inna ta rasu tana aike ana cewa gobe.

Dan Terminus:
To ashe darasin shine kar ka bada aro 😂 Amurka taji labarin Inna shi yasa ta fara cewa Yukren ta biya ta da ma'adinai

Sojan Da:
Kuyi dariya amma labarin Hajiya yana da nauyi. Guntu yana shiga inda dogo baya shiga. Yukren bata da rundunar ruwa ta kirki amma a Afrilun 2022 jirgin ruwan yakin Rasha Moskba ya nutse, sunce da makaminsu na Neptune da suka kera da kansu suka buge shi, Rasha tace gobara ce. A 1 ga Yunin 2025 kananan jirage marasa matuki suka boye a cikin tireloli suka kona manyan jiragen bam na Rasha har Saiberiya. Wannan guntun gatari ne. Amma kada a yaudari kai, makami mai linzami in ya taho Kiyef da dare Patriot na Amurka mai kakkabo shi ake nema, kuma in ya kare sai an roka.

Malamin Layi:
Shi ya sa na ce jira. Bayan cacar bakin da aka yi tsakanin Trump da Zelenski a fadar White House ƙarshen Fabrairun 2025, 'yan kwanaki kaɗan Amurka ta dakatar da makamai da bayanan sirri, sai da aka lallaɓa aka dawo da su. Heduma ya yi faɗa da matarsa kenan.

Auwal Katako:
Ni fa ban yarda ba. Kuwait fa? 1990 Saddam ya shiga, sarkinsu ya tsere Saudiyya, ba guntu ba dogo, Amurka da kawayenta suka zo suka sara suka bashi a 1991, yau dinarinsu yafi kudin kowa daraja. Shi kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya tsaya da nasa, takobi da kibiya a gaban bindiga mai ruwa, yayi shahada a Burmi 1903. Wa ya ci riba a lissafin duniya? Wani lokacin sari ka bani yafi, in dai kana da mai a kasa

Baban Ummi:
Auwal ka kiyayi bakinka akan Attahiru. Ba lissafin kasuwar katako akeyi da irin wadannan ba

Auwal Katako:
Yaya ai nace lissafin duniya. Ban taba darajarsa ba. To Sarkin Kano Alu fa da ya bar rundunarsa da dare, Waziri Ahmadu ya ja sauran ya mutu a Kwatarkwashi, shi a wane layi zamu sa shi, na Ghani ko na sarkin Kuwait?

Kanawan Dabo:
Kai kai kai. Alu ba gudu yayi ba, hijira ya nufa, kuma lokacin da Turawa suka fasa Kano ma baya gari yana hanyar Sakkwato. Ku mutanen Jos ku tsaya a dankalin Turawa ku bar tarihin Kano

Dan Terminus:
An taba Kano an taba wuta hhhh. Hijira ce amma an manta ba a fada wa Waziri ba

Injiniya Rikkos:
Mu dawo gida. Mu namu ma yafi ban haushi don ba aro mukayi ba, da kudinmu muka sayi jiragen yaki Super Tucano guda 12 daga Amurka suka iso 2021, amma aka rika cewa akwai sharadin inda za ayi amfani dasu, sai da gwamnati ta ayyana yan bindiga a matsayin yan ta'adda. Ka sayi gatari mai shago yace ga bishiyar da zaka sara. Kuma DICON masana'antar kera makamanmu tana Kaduna tun 1964, da an rike ta da gaske da yanzu ba wannan zancen muke ba.

Maman Twins:
Ai kudin kotar ma wasu suka raba lokacin zabe, har yau ana kotu ana dage zama. Su guntun gatarinsu baitulmali kawai yake ci

Sojan Da:
Wannan kam ba karya. 2015 sai da Chadi ta tsallako ta taya mu a Gamboru da Dikwa. Ni ranar ban iya cin abinci ba, mu da muka je Laberiya da Saliyo muka tsayar da yakin wasu. Yaranmu ba ragwaye bane, a basu abinci da alawus akan lokaci da takalmin da ba zai bude baki a wata biyu ba ku gani.

Dan Gangare:
To jama'a yanzu in na koma wajen mai shayi wa zan ce yayi gaskiya, baban ko yaron?

Malamin Layi:
Ka ce wa yaron ya ba Baba haƙuri tukuna, sauran a tattauna.

Auwal Katako:
Kace musu giwa bata zuwa Bauchi Road

Hajiyar Bukuru:
Ni dai jikar makwabciyar nan tana cikin group dinnan kuma na ga tana karantawa tun dazu bata ce komai ba

Maman Twins:
Innalillahi 😂😂 Hajiya fadi harafin farko kawai

Kanawan Dabo:
Ba wanda zai tafi sai Auwal ya janye maganar Alu. Wane littafi ka karanta a ciki?

Auwal Katako:
Gobe in na bude shago zan turo maka hoton shafin, yanzu caji na 3% kuma cajar ta makwabci ce yazo karba