Wa ya taɓa yi wa tsohuwar Mustang ko Camaro waldar ƙarfen haɗa shasi?

Bazazzagi a Houston:
Assalamu alaikum. Ina da Mustang ƙirar 1966 mai rufin ƙarfe, shekara biyu ke nan ina gyaranta a garejin gida. Ga abin da ke damuna: duk lokacin da na ɗaga gefe ɗaya na gaba da jak, ƙofar direba sai ta riƙa cijewa, in na sauke motar ta koma daidai. In na tsallake layin dogo kuma sai in ji duk gabanta yana kaɗawa. An ba ni shawarar sa ƙarafa biyu a ƙarƙashi, waɗanda za su haɗa shasin gaba da na baya. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda ta kaya. Na noti zan saya ko na walda?

Baba Mai Walda:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka gani ba laifin ƙofa ba ne. Mustang ba ta da shasi ɗaya dogo daga gaba har baya. Ƙarafan gaba suna ƙarewa wajen ƙarƙashin kujera, na baya suna farawa kusa da inda sifirin yake kamawa. Tsakaninsu babu mai riƙewa sai falankin ƙasa, wanda kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, da ƙarafan gefe na ƙarƙashin ƙofa, da rufi. Mota ta kusa shekara sittin tana murɗewa a wannan wurin, dole ta saki. Taka kuma ta 1966 ce, ba a sa mata akwatunan ƙarfen da ke ƙara wa bodi ƙarfi a bayan tayar gaba ba, masu buɗaɗɗen rufi aka sa wa a lokacin.

Na walda za ka sa. Na sha kwance na noti bayan wasu shekaru in tarar ramukan sun faɗaɗa, ƙarfen yana wasa. Ni bututu mai kusurwa huɗu nake amfani da shi, inci 2 da inci 3, mai kaurin kusan milimita 3. Amma kafin ka sayi komai, kwanta ƙarƙashinta da sukudireba ka soki ƙarshen ƙarafan gaba da wajen sifirin na baya. Nan Michigan gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi yana cinye wuraren nan. Walda ba ta kamawa a kan tsatsa.

Abu Khadija:
Malam, ka ji ta bakin wanda ya yi asara. Na kai Mustang ɗina ta 1989 wani gareji a nan Atlanta. Suka ɗaga ta da na'urar nan mai hannuwa da ke barin tayoyi suna lilo, suka yi waldar a haka. Mota a rataye gabanta yana rinjaya saboda nauyin injin, to a wannan lanƙwasar aka ɗaure ta. Da aka sauke, tazarar ƙofar fasinja ta sama ta buɗe, ta ƙasa ta matse, sai na sa kafaɗa take rufuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na ji a jikina tun suna ɗagawa amma na yi shiru don kada a ce na koya wa gwani aikinsa. Ƙarshe sai da aka yanke ƙarafan da giranda aka sake, na biya sau biyu.

Karo na biyu a kan na'urar da ake hawa da tayoyi aka yi, motar na zaune da nauyinta kamar tana titi. Muka auna tazarar ƙofofin kafin a fara, aka ɗiga walda kaɗan a kusurwa huɗu, muka sake buɗe ƙofofi muka rufe, sannan aka cike. Tun ranar ƙarar da nake ji a bayan kujera ta ɗauke. In ba ka da irin na'urar, ka ɗora tayoyin huɗu a kan katako masu tsayi ɗaya.

Hajiya Maman Camaro:
Tawa Camaro ce ta 1969, kuma lissafinta daban ne da Mustang. Shasin gabanta da noti yake ɗaure a bodi, da roba a tsakani. Ƙanena ya yi mana waldar muka bar tsofaffin robobin, bayan ɗan lokaci sai ga tsaga siririya a jikin waldar gaba, domin robar tana ba shasin damar motsi, ƙarfen kuma ya hana. Muka canza zuwa bushin na alminiyom, magana ta ƙare. Sai dai a sani, yanzu ana jin titi a kujera fiye da da, kuma duk ranar da za a fitar da shasin gaba sai an yanka. Ni ban yi nadama ba, yadda take shiga kwana yanzu ya ishe ni.

Bakatsine:
Ni ina da ja kaɗan. Dodge Dart gare ni ta 1970, kuma na fasa yi mata. Komai nata na asali ne, masu sayen irin waɗannan motoci kuwa ƙasa suke fara leƙawa. Ban ƙara mata ƙarfin inji ba, sai ranar Lahadi nake fita da ita. Wanda ya sa babban inji da faffaɗan tayoyi, shi kam ya yi. Masu Chevelle da GTO kuma su huta, nasu shasin cikakke ne tun daga kamfani.

Baba Mai Walda:
Maganar Bakatsine tana kan hanya, kowa ya san abin da yake so da motarsa. Ɗana na Houston, in ka yanke shawara, ga abin da ba na wasa da shi. Cire kan batir. Fitar da kujeru da kafet da audugar da ke ƙarƙashinsa gaba ɗaya, na taɓa ganin kafet ya kama wuta mai walda yana ƙasa bai sani ba, sai hayaƙi ya gani ta taga. Layin mai da na birki suna bi ta wurin, ka kauce da su ko ka kare su da falankin ƙarfe. Kankare baƙin kwaltan da aka fesa a ƙasa har ƙarfe ya yi fari. A samu mutum a sama da abin kashe wuta a hannu. Kuma ka yi da injin MIG, wato mai walda da siririyar waya. Da ilektrod na koyi walda a Kaduna, ina girmama ta, amma a wannan siririn ƙarfe huda shi za ta yi. Kada ka ja walda doguwa a tashi ɗaya, yi inci ɗaya nan, ka koma ɗaya gefen, ka bari ya huce. In ka gama ka yi fenti, ka fesa maganin tsatsa har cikin bututun.

Bazazzagi a Houston:
Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Jiya na shiga da sukudireba kamar yadda ka ce. Gefen fasinja lafiya lau, amma a gefen direba, daidai ƙarshen ƙarfen gaba, sukudireban ya shige ciki. Don haka na dakatar da sayen ƙarafan, na yi odar sabon guntun wurin tukuna. Baba, shi ma wannan guntun mota na zaune a kan tayoyinta zan yanke shi, ko sai na tokare bodin?