Adalcin tattalin arziki da sauyin yanayi: me ya kamata ɗan majalisa ya sa a gaba?

Ɗalibi daga Harobanda, Yamai

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a nan Yamai, amma asalina daga wani ƙauye ne kusa da Keita, kuma akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanan baya na karanta labarin wata ƴar majalisar wakilan Amurka, Alexandria Ocasio-Cortez, wadda mutanen unguwannin Bronx da Queens na birnin New York suka zaɓa a 2018 tana da shekara 29. A watan Fabrairun 2019, ita da Sanata Ed Markey suka gabatar da wani ƙuduri mai suna Green New Deal, wanda ya nemi ƙasar ta duƙufa shekara goma wajen komawa ga lantarkin da ba ya fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya, kuma a cikin takardar nan guda ya nemi a tabbatar wa kowa aikin yi mai albashin da zai riƙe iyali, da magani, da muhalli. Ta kuma ba da shawarar a karɓi harajin kashi 70 cikin 100 a kan duk abin da mutum ya samu sama da dalar Amurka miliyan 10 a shekara, sannan tana cikin masu neman a ɗaga mafi ƙarancin albashi na tarayya, wanda yake tsaye a dala 7.25 a awa tun 2009. Hujjarta ita ce, talaka ne yake fara ɗanɗana kuɗar lalacewar yanayi, saboda haka ba za a magance ɗaya a bar ɗaya ba.

Wannan hujja ta shige ni, domin a daminar 2020 ina zaune gidan kawuna a unguwar Lamorde ta nan Yamai lokacin da kogin Kwara ya karya shingen da aka yi masa. Da idona na ga ɗakunan laka suna narkewa daga ƙasa har rufi ya zauna, alhali gidan siminti da ke kusa da mu, wanda aka ɗaga harsashinsa, ruwa ya shiga ya fita, masu shi suka share laka suka koma. Mu kuwa a ajin makaranta muka kwana makonni, an raba iyali da iyali da zane.

Tambayata ita ce, shin da gaske waɗannan abubuwa biyu tare suke tafiya, ko dabara ce ta masu siyasa don tara magoya baya? Na san an rusa majalisar dokokinmu tun watan Yulin 2023, amma duk ranar da wani zai zo neman ƙuri'armu da irin wannan magana, me ya kamata mu ce ya sa a gaba?

Tsohon malamin makaranta, Tawa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya. Tunda ka ce kai ɗan Keita ne, amsar rabin tambayarka tana bayan gidanku.

A lokacin farin 1984, an buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da abinci da noma. Ina koyarwa a yankin a wancan zamani, kuma abin da ba zan manta ba shi ne, mafi yawan masu aikin mata ne, domin maza sun tafi bida Abijan da Najeriya. Su ne suka ɗauki dutse a ka suna jerawa a gangaren tsauni, su ne suka haƙa ramukan tare ruwa a kan fako da diga da shebur, ana biyansu da abinci. Ƙasar da ko akuya ba ta tsayawa a kanta ta koma tana ba da hatsi da ciyawa. Wannan aikin gyaran ƙasa ne, kuma a lokaci guda shi ne ya hana iyalai da yawa watsewa, don haka ni ban taɓa ganin abubuwan biyu a rarrabe ba.

Amma ga inda adalci yake shigowa, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne. Fako ba shi da mai shi sai ranar da ya fara ba da amfani. Na san wata bazawara da ta yi shekaru tana gyaran wani fili, tana haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa, tana zuba taki da hannunta, amma da dawa ta fara tsayawa a wurin, sai dangin mijinta suka tuna cewa gonar kakansu ce. Na kuma ga masu hali suna sayen fako da araha daga hannun wanda yunwa ta matsa, su ɗauki ƴan ƙwadago su yi musu tassa da ramuka masu siffar rabin wata, bayan damina biyu ko uku ƙasa ta farfaɗo, wanda ya sayar ya dawo yana yi musu aikin yini. Ƙasa ta gyaru, amma ba a hannun wanda ya fi bukata ba.

Ka dubi kuma batun itatuwa. A da, itacen da ke cikin gonarka tamkar na hukuma ne, in ka sare reshe ana iya cin ka tara, saboda haka manomi yakan tumɓuke tsiron tun yana ƙarami don kada ya zame masa fitina. Da aka sassauta wannan, manomi ya fara jin cewa gawon da ya raina nasa ne, kuma dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙara masa ƙarfin gwiwa, sai sassaben zamani, wato barin tsiron itace a gona ana kula da shi, ya bazu daga Maradi zuwa Damagaram da Tawa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba a dasa yawancinsu ba, kututtukan da ke cikin ƙasa ne aka bari suka tofo. Abin da ya kawo wannan shi ne amsa tambaya guda: itacen na wane ne? Wannan kuwa aikin mai yin doka ne tsantsa. Saboda haka idan ɗan takara ya zo gabana, abin da zan fara tambayarsa shi ne, sunan wa zai hau takardar filin da aka gyara.

Ma'aikacin lantarki, Yamai

Baba, na yarda da abin da ka faɗa game da fili, amma ina roƙon izini in ja hankalin ƙanena kan wani ɓangare, don kada ya ɗauki maganar Amurka ya ɗora ta a kan Nijar yadda take.

Da farko, abin da matar nan ta gabatar ƙuduri ne na bayyana manufa, ba doka ba ce mai tilasta wa kowa. Da aka kai shi gaban majalisar dattawa a watan Maris na 2019, sanatoci 57 suka ƙi shi, ba wanda ya kaɗa ƙuri'ar amincewa, domin akasarin ƴan jam'iyyarta sun ce shugabannin majalisar sun shirya ƙuri'ar ne don su kunyata su, sai suka tsaya a kan cewa suna zauren kawai. Gaskiya ne maganar ba ta mutu ba, domin a 2022 an yi dokar da aka ƙiyasta za ta zuba kusan dala biliyan 369 a harkar makamashi da yanayi. To amma a watan Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan sake fitar da ƙasar daga yarjejeniyar Paris ta rage ɗumamar duniya, kuma a cikin shekarar aka soke da yawa daga rangwamen harajin da waccan doka ta tanada.

Abu na biyu ya fi muhimmanci a wurina. Ba'amurke guda yana fitar da hayaƙin da ya kai wajen tan 14 a shekara, ɗan Nijar kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na tan guda. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Matar nan tana magana ne da mutanen da wuta ta yi musu yawa, mu kuwa wajen mutum ɗaya cikin biyar ne yake da lantarki. Duk wanda yake Yamai a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse mana wutar da muka dogara da ita, ya san yadda mai sayar da ƙanƙara da tela da mai walda suka zauna hannu rabbana. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage mana raɗaɗi sosai, kuma akwai ta Malbaza mai megawat 7 a jihar Tawa, amma rana tana faɗuwa, kuma a watan Afrilu da dare ne mutane suka fi bukatar fanka. Don haka ni ba zan goyi bayan ɗan majalisar da zai ce a bar kwal ɗin Salkadamna ko man Agadem a cikin ƙasa don a faranta ran wasu ba. Zan goyi bayan wanda zai bi diddigin kuɗin man nan, ya tabbatar wani kaso sananne yana tafiya ga shingen kogi da magudanan ruwa da rijiyoyi.

Adalcin da ya fi damuna shi ne na tsakanin ƙasashe. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara daga 2020 don tunkarar sauyin yanayi, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. Asusun biyan asara da ɓarnar sauyin yanayi da aka amince da shi a Masar a 2022, alkawuran farko da aka yi masa a Dubai a 2023 wajen dala miliyan 700 ne ga duniya baki ɗaya. A shekarar da ta biyo baya, ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar kaɗai, ta shafi sama da miliyan guda, har aka ɗage buɗe makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. Idan ƴan majalisar can masu ra'ayin ci gaba suna nufin adalci har zuciya, a kan wannan asusu nake so in ga ƙoƙarinsu.

Hajiya mai albasa, Tawa

Sallama gare ku duka. Malam, ina gaisuwa. Ni ban yi zurfin karatu irin naku ba, ƴata ce take rubuta mini wannan, amma na shekara fiye da ashirin ina saye da sayar da albasar Galmi, kuma ina da abin faɗa.

Ƙanena mai aikin lantarki ya yi gaskiya cewa hayaƙin ba namu ba ne. Sai dai ina jin tsoron kada wannan gaskiya ta zama mafakar masu mulki, su riƙa nuna mana Turai da yatsa alhali akwai abin da yake hannunsu. Manomin albasa yana cin bashin mai da taki tun lokacin dashe, saboda haka ranar da ya cire albasa, a ranar mai bashi yake tsaye a bakin garka. Dole ya sayar a lokacin da kowa yake sayarwa, lokacin da buhu ba shi da daraja. Wanda yake da hali ya saya ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, bayan ƴan watanni ya sayar ninki biyu ko uku. Ni ma ina cikin masu sayen, shi ya sa na san zafin abin. Wanda ya daure ya ajiye tasa kuma, idan zafi ya tsananta ko ruwa ya sauko ba a lokacinsa ba, sai ya buɗe rudu ya tarar wari ya riga shi, ya zauna yana tsince ruɓaɓɓu yana zubarwa. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana zai raba shi da sayen mai, kowa ya san haka, amma kuɗin sayensa a dunƙule ake nema, kuma mai hali ne kaɗai yake da shi a dunƙule. Don haka ni abin da zan ce a sa gaba shi ne bashi mai sauƙi da za a biya bayan albasa ta yi kuɗi, da ma'ajiya mai kyau ta ƙungiya, kuma a rubuta a cikin dokar cewa mace tana iya karɓa da sunanta.

Game da albashi, na ji an ɗaga mafi ƙanƙantarsa a nan Nijar daga jika 30 da ƴan kai zuwa jika 42 tun farkon 2024, kuma na yi murna, amma a cikin masu ɗaukar mini buhu da matan da ke yanke ganyen albasa ba wanda wannan ya shafa, domin ba su da takardar aiki. A Amurka maganar albashi tana iya kaiwa ga yawancin talakawa, mu nan sai an bi ta gona da kasuwa.

Haraji kuwa, ina roƙon duk mai shiga majalisa ya tuna 2005, lokacin da aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan madara da sukari da fulawa da ruwa da wuta, a shekarar da fari da fara suka riga suka cinye amfanin gona. Mun rufe shaguna, garuruwa suka yi tsit, har gwamnati ta janye mafi yawansa. Abin da ya burge ni a maganar matar nan da ɗana ya kawo shi ne, ta faɗi ƙarara daga aljihun wa kuɗin zai fito.

Ɗalibi daga Harobanda, Yamai

Na gode, Baba, na gode Hajiya, na gode yaya. Maganar Baba ta tuna mini cewa mahaifiyata tana cikin matan da suka jera dutse a wancan aiki, kuma ban taɓa tambayarta a hannun wa filin yake yanzu ba. Idan na je gida hutu, in sha Allahu zan tambaye ta, in kuma je wurin hukumar filaye ta gundumarmu in ga abin da aka rubuta.

Yaya, akwai inda ban gamsu ba tukuna. Ka ce a ware kaso sananne na kuɗin mai don shingen kogi da rijiyoyi. A sanina akwai tanadin da ya ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ake samu daga ma'adinai da man fetur ya koma ga yankunan da ake haƙo su. Idan har an yi sabon tanadi irin wanda kake nema, wace hanya ce ɗan majalisa yake da ita ta tilasta a buga lissafin a fili kowace shekara, yadda mutumin Lamorde zai iya sanin nawa aka ware wa shingen unguwarsa, nawa kuma aka kashe?