Ragon ranar dekin: haƙƙin magina ne ko tsafi?

Ɗan Kurna: Jama'a raina a ɓace yake wallahi. Jiya muka zuba dekin (rufin kankare) a gidana, an kai rabi kawai sai shugaban magina ya ce ba za su ci gaba ba sai na kawo rago, wai al'adar ranar rufe gini ce, alhali na biya kuɗin aiki cif tun Litinin, ga siminti an kwaɓa yana shan iska. Dole na aika Wudil a sayo ragon. Ni dai wannan tsafi ne da cin zali.

Birkila: Alhaji janye kalmar tsafi. Shekara 22 ina gini ban taɓa yanka wa aljani ba. Ranar dekin lebura talatin ne ke hawa da sauka da kwanon sarki a kai tun asuba, in aka tsaya a tsakiya kankaren ba ya haɗewa, nan ruwa zai riƙa yoyo. Mutanen da ba su zauna ba har magariba in sun ci nama shi ne tsafi?

Ustaz: Magana tana ga niyya. A Sahihu Muslim an la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah. In an tsiyaya jinin a ramin fandisho don kada mutan ɓoye su taɓa gidan, wannan shirka ce ƙarara. In ciyarwa ce, sadaka ce.

Birkila: To Malam wa ya ce maka mun zuba jini a rami?

Ustaz: Na gani da idona a unguwarmu, baƙin bunsuru ma suka ce sai shi.

Yaya na Jamus: Nan ma ana yi fa, Richtfest suke ce masa. Da an gama kafa katakon rufi sai a ɗaura wani kambin ganye mai ƙyallaye a sama, kafinta ya hau ya yi kirari, ya sha abin sha ya wurgo kofin gilashin ya fashe, mai gida ya buga ƙusar ƙarshe ya ciyar da ma'aikata. A Amurka kowa ke sa hannu a ƙarfen ƙarshe, a ɗaga shi da ƙaramar bishiya da tuta.

Ustaz: Abin sha ko giya? Faɗi gaskiya. Kuma bishiyar nan asalinta neman yardar iskokin daji ne a Sikandinebiya (arewacin Turai), ka ga ka kawo mana hujja da kanka.

Yaya na Jamus: Labari na bayar Malam, ban ce a kwaikwaya ba.

Bazazzagi: Duk lalacewar maginan Kano ce. Mu da muka gaji Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, in an ɗora zanko addu'a ake yi a watse.

Birkila: Kai ka taɓa riƙe cokalin gini? Je ka kalli ginin Gidan Makama na Kano tukun.

Ɗan Kurna: Ni fa maganata tsayar min da aiki da aka yi, ba wanda ya taɓo ta.

Hajiya Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda ciyar da magina alheri ne kuma kalmar Alhaji ta yi nauyi, ya kamata ya ba su haƙuri. Mahaifina magini ne, da guminsa aka yi mana karatu, ba zan bari a kira su matsafa a gurup ɗin nan ba. Na rufe.